Daga Langa Zuwa Balo: Tarihin Ƙungiyar Samarin Ƙauye a Damagaram da Ba Wanda Ya Rubuta

Duk wanda ya bi hanyar Zinder zuwa Miriya, ko wadda ta nufi Magariya, bayan sallar la'asar a cikin watan Agusta, zai ga abu guda yana maimaita kansa kusan a bakin kowane gari. Fili ne na rairayi a tsakiyar gonakin hatsi. An kafa itace biyu-biyu a kowane gefe, an ɗaura igiya a sama, shi ke nan raga ta samu. 'Yan wasan ba su daɗe da ajiye hauya ba. Wasu da takalmin roba, wasu ƙafa a ƙasa, wani sanye da mayon Barcelona da ya koɗe, wani da na Real Madrid wanda ya fi ƙarfinsa. Yara sun hau itatuwa, 'yan mata na tallan gyaɗa da ƙosai, 'yan kabu-kabu sun jera baburansu suna jiran a ci balo su danna oda.

Wannan shi ne lokacin TGV, wato gasar babban hutun lakwal, wadda ke haɗa ƙauye da ƙauye, unguwa da unguwa. Wata biyu zuwa uku ana yi, gari ya ɗauki zafi, a yi final, a ɗaga kofi, wani wurin ma har da rago.

Amma ka tsayar da ɗaya daga cikin yaran ka tambaye shi wace shekara aka kafa ƙungiyarsu, wa ya kafa ta, sau nawa ta ci kofi, da wuya ka samu amsa guda. Sau da yawa sunan da take amsawa bana ba shi ne na bara ba. Kofin da aka ci shekara biyar da suka wuce yana ɗakin wani da ke Libiya yanzu, ko kuma an sake ba da shi a wata gasar. Babu littafi, babu hoto a bango, babu takardar fili.

Alhali kuwa ƙungiyar samari ta ƙauye a ƙasar Damagaram tana da dogon tarihi, wanda ya girmi ƙwallon ƙafa, ya girmi Jamhuriyar Nijar kanta. Yadda ta tashi, yadda gwamnati ta rungume ta, da yadda ta faɗi, su ne ke bayyana dalilin da ya sa ƙungiyoyin yau ke mutuwa duk shekara da zarar an gama girbi.

Kafin zuwan balo

Tun zamanin sarakunan Damagaram, lokacin da Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, yake gina ganuwar Birni yana ƙera igwa, kowane gari mai kima yana da samariyarsa. Samariya ƙungiya ce ta samari da 'yan matan gari, tana da shugaba wanda ake kira sarkin samari ko mai samari, kuma tana kwaikwayon fadar sarki wajen raba muƙamai. Akwai mai tsawatarwa, akwai mai kira, akwai mai ajiyar abin da aka tara, kuma 'yan mata na da tasu shugabar.

Aikin samariya na farko shi ne gayya. Idan gonar tsoho ta fi ƙarfinsa, ko rijiya ta rufta, ko ana son gyaran hanya ko maƙabarta, mai gari zai kira sarkin samari, a buga ganga, gari ya fito. Tarbar baƙi ma nasu ne, haka hidimar biki. Wasa kuwa shi ne ladan wannan wahala, kuma shi ne makarantar da ake gane wane ne wane.

Wasan farko da yaro ke shiga shi ne langa. Da farin wata, bayan an ci tuwon dare, yara su rabu gida biyu a dandali. Kowa ya kama ƙafa guda ta baya da hannu, ya dinga tsalle da ɗayar. Wanda aka ture ya faɗi, ko ya saki ƙafarsa, ya fita. Kowane gefe yana da wanda ake kira ruwa, shi ne ake karewa har ya kutsa ya kai wurin sha, su kuma abokan gaba duk dabararsu ita ce su kayar da shi kafin ya isa. Wanda ya san ƙwallo zai gane cewa duk abin da koci ke koyarwa yau yana cikin langa: tsaro, kai hari, raba aiki, da sadaukar da kai domin wani ya ci.

Daga langa sai kokowa. Ita lokacinta kaka, bayan an kai damman hatsi rumbu. Gari ya aika wa gari goron gayyata, samari su taho da makaɗansu, a kafa da'ira, a yi kirari, a kama. Wanda ya yi kaye sunan garinsa ya ɗaga, wanda aka kayar kuwa garinsu zai kwana da abin har kaka mai zuwa. Sarkin samari ne ke karɓar baƙin, ya raba su gidaje, ya tabbatar an ci an sha, kuma shi ne ke shiga tsakani idan rai ya ɓaci. A birnin Zinder har yau ana tuna wannan tsari ta hanyar wasan kara, inda matasa ke shigar sarakuna da manyan gwamnati suna kwaikwayonsu, jama'a na dariya.

Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar ba ta dogara da mutum guda ba. Idan sarkin samari ya girma ya bar sahun samari, sai a naɗa wani. Yaron da ya fara da langa yana da shekara bakwai ya san matakan da zai taka har ya kai ga riƙe muƙami.

Balo ya shigo, siyasa ta biyo baya

Faransawa sun ci Zinder a 1899, bayan yaƙin Tirmini, kuma birnin ya zama hedkwatar mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Ta hanyar barikin soja da lakwal ƙwallon ƙafa ya shigo. Da farko wasan 'yan boko ne da ma'aikata a cikin birni. Ƙauye ya same shi daga baya, a hannun malaman makaranta da aka tura daji, da ɗaliban da ke komawa gida hutu, da 'yan cin rani da suka gan shi a Kano. Inda babu balon fata, yara suka naɗe tsumma da igiya suka yi tamola.

Kafin balo ya gama zama a ƙauye, 'yan siyasa sun riga sun gane amfanin samariya. A shekarun 1950, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ke da ƙarfi sosai a yankin Zinder, ta jawo samariyoyi da dama cikin gwagwarmayarta. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, da haramta Sawaba a 1959, gwamnatin RDA ta Diori Hamani ta fi mayar da hankali kan matasan jam'iyyarta, samariya ta koma gefe. Wannan ne karo na farko da ƙungiyar gari ta ɗanɗana abin da ke biyo bayan shiga rigar siyasa.

Zamanin Kountché: langa, kokowa da balo a inuwa ɗaya

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, Seyni Kountché ya rusa jam'iyyu, ya nemi wata hanyar da zai kai ga talaka. Sai ya farfaɗo da samariya, ya mayar da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya, mai rassa daga ƙauye da unguwa har zuwa Yamai. Daga baya ita da ƙungiyoyin manoma suka zama ginshiƙai biyu na tsarin raya ƙasa da gwamnatinsa ta kafa.

A wannan lokaci ne ƙauyen Damagaram ya samu abin da za a iya kira cikakkiyar ƙungiyar wasanni. Samariya guda ce ke fitar da 'yan kokowa, ita ce ke da 'yan langa, ita ce ke da 'yan balo, ita ce kuma ke da 'yan rawa, mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo. Yaron da ya yi fice a ƙauye yana da tsani a gabansa. Zai wakilci garinsu a kanto, daga nan zuwa gunduma, daga nan zuwa jaha, har ya tsaya gaban shugaban ƙasa.

A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, inda Yacouba Kantou na Maraɗi ya ɗauki takobi. A 1976 kuma Zinder ce ta karɓi bikin matasa na ƙasa na farko, wanda daga baya ya dinga zagaya manyan biranen jahohi, kowane birni ya samu gyaran filin wasa da gidan matasa albarkacinsa. Damagaram ta shiga sahun masu takobi da wuri, kuma filin kokowar Zinder na ɗauke da sunan gwarzonta Langa-Langa har gobe. Bayansa an yi irin su Balla Harouna, sannan a baya-bayan nan Tassiou Sani. Yawancin 'yan kokowar da suka yi suna a ƙasar nan a dandalin ƙauye suka fara kamawa.

Ƙwallon ƙafa ma ya ci moriyar zamanin. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta lashe gasar ƙasa, a 1984 kuma Espoir ta Zinder ta ɗauko kofin ta kawo Damagaram. Wannan kuwa ita ce shekarar babban fari, lokacin yunwar da mutane suka laƙaba wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A cikin wannan ƙunci ne birnin ya yi murnar da bai sake yin irinta ba, domin tun daga lokacin kofin bai koma Zinder ba. Kusan kowace shekara a Yamai yake kwana, sau da yawa a hannun ƙungiyoyin soja, jandarma, 'yan sanda, duwan ko manyan kamfanonin gwamnati, waɗanda ke da albashi da kasafin kuɗi.

Sai dai waɗanda suka ga zamanin ba alheri kaɗai suke tunawa ba. Samariya ta gina azuzuwan lakwal na laka, ta shuka itatuwa, ta share hanyoyi. Amma ita ce kuma ake tarawa a tsaya cikin rana tun hantsi ana jiran babban baƙo, kuma wanda ya ƙi fita aikin gayya yana iya gamuwa da fushin hukuma. Gayyar da a da ake yi don kunyar gari ta koma umarni daga sama. Mai samari, wanda a da samari ke zaɓa, ya zama mutumin da hukuma ke sa wa ido, wani lokaci kuma idon hukuma a cikin gari.

Ranar da aka zubar da ruwa da jariri

Kountché ya rasu ranar 10 ga Nuwamban 1987. Magajinsa Ali Saibou ya kafa jam'iyyar MNSD a 1989, samariya ta zama ɗaya daga cikin rassanta. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, aka yi babban taron ƙasa daga Yuli zuwa Nuwamban 1991, duk abin da ke da warin jam'iyya guda ya zama abin gudu. Samariya ta rasa gata, ta rasa kuɗi, ta rasa mutunci a idon sabbin matasa. Gari guda ya rabu jam'iyya uku ko huɗu, kuma da wuya ɗan wannan ya amsa gangar ɗan waccan.

Kokowa ta tsira saboda gwamnati ta ci gaba da riƙe gasar takobi, rediyo da talabijin na watsawa, 'yan kasuwa na zuba kyauta. Balo ya tsira saboda ba ya buƙatar izinin kowa, yara goma da fili sun isa. Langa ce ta fi shan kashi. Ba ta da takobi, ba ta da Barcelona. A maƙwabciya Najeriya an tsara mata dokoki an shigar da ita gasar wasanni ta ƙasa, amma a ƙauyukanmu da dama farin wata na fitowa ya tarar da dandali babu kowa, yaran suna gidan kallo ko sun kewaye waya guda.

Gurbin da samariya ta bari, fada ce ta cike shi. Daga shekarun 1990, samari marasa aiki suka fara kafa majalisun shayi a ƙofar gida, kowace da sunanta a rubuce a bango. A Zinder gidajen rediyo masu zaman kansu sun ƙara musu kima ta hanyar gaishe-gaishe, kuma fadodi da yawa sun yi aikin kirki, sun share kwata, sun yi sintirin dare, sun shirya gasar balo. Yawancin ƙungiyoyin da ke buga TGV a yau daga fada suka fito.

Amma fada ta sa'o'i ce. Abokai ne 'yan shekara ɗaya suka haɗu, idan suka yi aure ko suka watse, fadar ta mutu tare da ƙungiyarta. Ba ta da ƙanne da take renon su, ba ta da dattawan da ke tsawata mata. A wasu unguwannin birni kuma abin ya rikiɗe ya zama gungun da ake kira pale, waɗanda sunansu ya haɗu da faɗan daba. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, 'yar asalin birnin, wanda ya fito a 2021, ya nuna wa duniya samarin Kara-Kara suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da hannunsu, suna fasa-ƙwaurin mai daga Najeriya domin su ci abinci. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya ga ƙarfin jiki da horon da a wani zamani filin kokowa zai karɓa.

Yadda ƙungiyar ƙauye ke rayuwa a yau

Tsarin kusan iri ɗaya ne daga Matamai har Dungas. Da saukar damina samari ke dawowa gida noma, ɗalibai su dawo hutu. Wani mai ƙwazo, sau da yawa malamin makaranta ko ɗalibin jami'a, ya tara su. A yi karo-karo, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a sayi balo, a biya kuɗin shiga gasa. Mayo kuwa yawanci kyauta ce. Ko wani ɗan gari da ke Kano, Legas, Agadas ko Tripoli ya aiko, ko kuma ɗan siyasa ya kawo da sunansa a baya idan zaɓe ya matso.

Ranar wasan waje, a hau amalanke ko a yi goyon uku-uku a babur. Alƙalin wasa ɗan wani gari ne da aka roƙa, kuma kariyarsa ita ce mutuncin dattawan da ke wurin. Idan yaro ya karye, mai ɗori ne asibitinsa, kuɗin kuma daga aljihun uban. Idan gardama ta tashi kan shekarun wani ɗan wasa, ko kan an ɗauko haya daga birni, babu takardar da za a duba, sai rantsuwa.

Sannan a yi girbi. Daga Nuwamba tasha ta cika. Mai tsaron raga ya nufi Kano, mai cin balo ya nufi wurin haƙar zinariya ko Libiya, kaftin ya shiga Zinder yana kabu-kabu. Jahar Zinder ce ta fi kowace jaha yawan jama'a a Nijar, sama da mutum miliyan uku da rabi a ƙidayar 2012, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Gonar gado ba ta ƙaruwa, masu cinta na ƙaruwa. Tafiyar ma ba kullum ake dawowa ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a hamadar arewacin Arlit kan hanyar Aljeriya, da yawansu daga yankin Kance.

Ba wanda zai ce balo zai hana cin rani. Yunwa ba ta jin usur. Amma tafiyar samari ba ita kaɗai ke kashe ƙungiya ba, domin a zamanin samariya ma ana cin rani. Abin da ya sauya shi ne, idan manyan sun tafi yanzu babu wanda ya rage yana riƙe da ƙanana. 'Yan shekara goma zuwa goma sha huɗu, waɗanda ke gari rani da damina, su ne ba su da koci, ba su da gasa, ba su da balo sai wanda yayyensu suka yar.

Filin ma ba shi da tabbas. Yawanci gonar wani ce da ya bari a huta, ko harabar lakwal, ko filin idi. A garuruwan da ke girma, ranar da aka zo yankan filaye, wurin wasan yara ne ke fara tafiya, saboda shi ne ba shi da mai takarda.

Duk da haka ƙasar na fitar da 'yan wasa. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. 'Yan ƙasa da shekara 17 sun je gasar duniya a Indiya a 2017, suka doke Koriya ta Arewa, suka kai zagaye na biyu kafin Ghana ta fitar da su. Tambayar da masu bin ƙwallo a Damagaram ke yi ita ce, yara nawa ne irin waɗannan suka wuce a filin ƙauye ba tare da wani ya rubuta ko sunansu ba.

Abin da wani tsibiri ya yi da nasa wasan

Akwai ƙasar da ta fuskanci irin wannan matsala ta bi wata hanya. Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila, ƙasar manoma ce da ta sha mulkin mallaka, ta sha yunwa, kuma 'ya'yanta suka watsu a duniya. Ranar 1 ga Nuwamban 1884, shekarar da Sarki Tanimu ya rasu, wasu mutane ƙalilan suka haɗu a garin Thurles suka kafa ƙungiyar GAA domin ceto wasanninsu na gargajiya. Babba a ciki shi ne hurling, wanda ake bugawa da sanda mai faɗin baki da ƙaramin ƙwallo, sai kuma irin nasu ƙwallon ƙafa da ake haɗawa da hannu.

Dabararsu ita ce sun ɗaure ƙungiya da gari. A ƙa'ida yaro yana buga wa yankin da ya fito ne, kuma ba a biyan ɗan wasa albashi, ko da kuwa ya buga a gaban mutum dubu 82 a filin Croke Park na Dublin. Ƙungiya guda ce ke riƙe da wasan gargajiya da ƙwallo, tana da rukunin yara tun daga ƙanana, iyaye ne masu horarwa, gari ne ke tara kuɗi ya mallaki filinsa. Yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi sama da 2,000 a tsibirin, da wasu ɗaruruwa da 'yan ƙasar mazauna waje suka kafa a Amurka, Ingila, Ostareliya da ƙasashen Larabawa. A 2018 UNESCO ta sanya hurling cikin al'adun duniya da ake karewa. Ƙauyuka da yawa a can suna da littafin tarihin ƙungiyarsu, da sunayen waɗanda suka buga shekara ɗari da suka wuce.

Ailan ƙasa ce mai arziki a yau, kuma ba za a kwatanta aljihunta da na Miriya ba. Amma lokacin da suka fara ba su da arzikin. Su ma ƙauyukansu na kukan rashin matasa har yanzu, har ta kai wasu garuruwa biyu na haɗa yaransu kafin su cika ƙungiya guda. Bambancin da ke tsakaninmu shi ne ƙungiyarsu ta gari ce, gwamnatoci sun zo sun wuce ta bar su. Tamu kuwa gwamnati ta ɗauke ta, da gwamnatin ta faɗi sai ta faɗi da ita.

Abin da bai fi ƙarfin gari ba

Masu harkar wasanni a jahar sun daɗe suna kiran hukumar FENIFOOT da ma'aikatar matasa su leƙa karkara, kuma kiran na kan hanya. An gyara manyan wuraren wasa na birni lokacin bikin Zinder Sabuwa a Disamban 2018, amma yaron Dungas ko Tanut ba a can yake wasa ba. Kafin taimako ya iso, akwai abubuwan da ba su buƙatar kasafin kuɗin ƙasa.

Na farko littafi ne. Kaye guda na ɗalibi ya isa a rubuta sunan ƙungiya, sunayen 'yan wasa da shekarunsu, sakamakon kowane wasa, da abin da ya shiga asusu da abin da ya fita. A ajiye shi wurin mai gari ko daraktan lakwal, wurin da ba ya tafiya cin rani. Dattawan da suka yi samariya a shekarun 1970 da 1980 suna nan da ransu, amma suna raguwa. Wayar da ake kallon wasan Turai da ita za ta iya ɗaukar muryarsu, su faɗi wanda ya yi sarkin samari, wanda ya kayar da wa, da shekarar da balo ya fara shiga garin.

Na biyu fili ne. Mai gari da magajin gari na iya keɓe wuri a rubuce da sunan matasan gari, kafin masu yankan filaye su iso.

Na uku yara ne. Gasar 'yan ƙasa da shekara 14 a cikin rani, tsakanin garuruwa huɗu ko biyar da ke kusa da juna, ba ta buƙatar mota. Idan aka buɗe kowane wasa da zagayen langa, aka rufe kaka da kokowar yara, wasannin uku sun koma gida ɗaya kamar da. 'Yan mata ma, waɗanda ke da matsayinsu a samariya amma yau sai talla a bakin fili, suna da haƙƙin a ba su nasu lokacin.

Na huɗu ya shafi 'yan gari da ke waje, waɗanda da yawansu ke karanta wannan shafi daga Kano, Abidjan, Sabha ko Faransa. Kusan kowane gari na da zaurensa na WhatsApp, kuma ta nan ake tara kuɗin masallaci, na rijiya da na mara lafiya. Mayon da ake aikowa duk shekara na tsufa kafin wata damina. Kuɗin mayo guda goma sha ɗaya zai iya sayen balo da yawa na yara, ya kuma ba wani malami ɗan abin shan ruwa ya riƙe su har rani ya fita. Sharaɗin kawai shi ne ƙungiyar ta amsa sunan gari, kada ta amsa na jam'iyya ko na mai kuɗi guda, domin Damagaram ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya har sau biyu.

A ƙarshen babban hutu za a yi final a garuruwa da dama. Za a ɗaga kofi, a zagaya gari da shi a kan babur, a ɗauki hotuna a waya. Bayan girbi motocin Kano da Agadas za su cika, itatuwan raga su rage a fili, awaki na kiwo a tsakaninsu. Da yamma kuma ƙananan da ba su isa tafiya ba za su fito da tamolarsu ta tsumma, su raba kansu gida biyu, su fara wasa babu alƙali.